Farantin da Ba Ya Sallama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran, da fatan aikin asibiti bai cinye ki ɗanya ba. Mu nan lafiya lau. Tarin Inna ya yi sauƙi, gwiwa ce dai sai a hankali. Idon kuwa kin san yadda yake, haske take rabewa da duhu, shi ke nan. Maƙwabciyarmu mai ɗinki tana zama da ita da rana kamar kullum.

Tunda kin rantse ba za ki ƙara magana da ni a waya ba, wai da kin fara faɗa sai in ce babu sabis, to ga takarda, direban motar maganinku zai kawo miki. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Na sayar da babur ɗin Baba.

Kada ki fara salati. Allah ya jiƙan Baba, amma babur ɗin nan ya ci zamaninsa ya ci na wasu. Makanikai sun fi ni sanin warinsa, kuma in na tayar da shi da safe har ƙarshen layi sai an tsine mini. A madadinsa na sayi sikuta mai caji. Na san ba ki san shi ba, can inda kuke ai sai dai labari. Wani ɗan dandamali ne mai ƙananan tayoyi biyu, da sanda a gaba mai hannu irin na keke. A tsaye ake hawansa, ba ya shan mai, wuta ake sa masa kamar waya.

Ranar farko na sha kunya, ba zan ɓoye miki ba. Na hau a ƙofar shagon, na yi ta danna maɓalli, abu ya ce bai san zancen ba. Yarinyar da ke sayarwa tana danne dariya ta ce sai na fara turawa da ƙafa ɗaya tukuna. Ina turawa kuwa ya fizge ni, ban tsaya ko'ina ba sai cikin tarin kwalaye. Amma kafin mako ya zagayo na gane kansa: ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, a ɗan saki gwiwa, kada a damƙe birki gaba ɗaya.

Yanzu ki zo ki ga ikon Allah da safe. Manyan mutane cikin manyan motoci, sun cika sun batse a cunkoso, suna ta danna hon kamar hon ne zai buɗe musu hanya, ni kuwa in bi ta gefensu in wuce ko kallon banza ba su ishe ni ba. In na isa maɗaba'a in ninke abina in tura ƙarƙashin teburin yankan takarda. Da yamma kuma da sauran rana a sama nake isowa gida. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya ƙara ko kaɗan. Ƙuda ma ya fi shi surutu.

Na san za ki sami abin faɗa, ba ki taɓa rasawa ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yaran suna gaida kakarsu, ƙaramar ta yi zazzaɓin haƙori amma ta warware. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka gaida mai ɗinki, Allah ya saka mata.

Takardarka ta same ni a ɗakin hutu, na fito daga karɓar haihuwa ke nan. Na sa wata yarinya cikin masu koyon aiki ta nemo mini hoton abin naka a wayarta. Auta, faranti ne. Faranti ne aka kafa wa sanda. Na tambaye ta su wa ke hawa, ta ce ƙaninta yana da shi, ajinsa uku a sakandare. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Ina ta ƙoƙarin hango ka, tuzuru da furfura a gemu, tsaye ƙiƙam a kan faranti a tsakiyar titi, riga na kaɗawa kamar shanya. Mun yi shekaru muna neman wadda za ta rufa mana asiri ta aure ka, yanzu kuma ka ƙara mana aiki. In ka samo ta a ina za ka ɗauke ta, a wuya?

Kuma ka sani ni nake ganin irin waɗanda ake kawowa daga titi. Ranar da ka karya ƙugu a kan abin wasan nan an yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance, mai ɗinki ta rasa wanda za ta fara juyawa.

Duk wannan ba shi ya hana ni cin abinci ba. Babur ɗin da kake cewa ana tsine maka saboda ƙararsa, akwai mutum ɗaya a layin nan da ke jiran wannan ƙarar. Tun muna yara Inna take gane shi daga kwanar layi, tun Baba ne a kai. Da idonta ya tafi, shi ya zama agogonta. Na gani da idona zuwan da na yi na ƙarshe: tana jin sa sai ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta lalubo filo ta matsar don ka sami wurin zama a bakin gado, sannan ta ɗaga murya ta ce Auta ne, alhali ta san ba kowa ba ne sai kai. Wuni guda tana zaune cikin duhu, abin da take jira ke nan.

To yanzu da ka sayo abin da ƙuda ya fi shi surutu, da me za ta san ka dawo? Ka ma gaya mata ka sayar? Wannan nake so ka amsa mini, ba labarin yadda ake sakin gwiwa ba.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya. Inna lafiyarta ƙalau, tana cin abinci, tana shan maganinta. Ni ne dai na ɗan kwalje gwiwar hannu, kuma tunda na san addu'arki ce ta kama ni, bari in ba ki labarin ki ji daɗi.

An yi yayyafi, na biyo ta bayan kasuwa, tayar gaba ta faɗa tsagar murfin kwata. Tayoyin ƙanana ne, ramin da babur zai taka bai ji ba shi nan yake tsayawa. Ya tsaya, ni ban tsaya ba. Hular kwano ta yi aikinta, na tashi na kaɗe jiki na ci gaba. Wata rana kuma na manta ban sa caji ba, ya mutu mini a tsakiyar hawan gada, na turo shi ina gumi, masu babur ɗin haya suna wucewa suna tambayata ko a sammini mai. Mutanen da ke wuni suna shaƙar hayaƙin junansu, wai su ne masu yi wa wani dariya. Tun ranar ban ƙara wasa da caji ba, ina shigowa gida shi ne farkon abin da nake yi. Soket ɗin ɗakina ya ƙone, na baranda nake amfani da shi.

Sikutan ya zo da wata 'yar ƙararrawa a hannunsa, da an taka tsakuwa sai ta kama kaɗawa ita kaɗai. Na kwance ta na jefa a durowa. Mutum ya sayi abu don shirunsa, sannan ya yi yawo da ƙararrawa kamar mai tallan alewa?

Kin kira shi faranti, na karɓa. Farantin nan ya nuna mini garin da na shekara ina ciki ban san shi ba. Akwai wata siririyar hanya a bakin ruwa, bayan tsohon filin ƙwallo, mota ba ta shiga. In rana ta yi sanyi nakan bi ta har inda kwalta ta ƙare. Ba abin da kake ji sai iska da ɗan kukan taya. Akwai wasu ma'aikata irina da ke zuwa, har da wani likitan haƙori wanda ya girme ki, sai ki aiko masa da nasa karin maganar.

Maganar Inna kuwa, na gaya mata na sayar. Ta ce to, Allah ya sa alheri. Ba ta yi kuka ba, ba ta faɗi ba, duniya ba ta tashi ba. Ke ce kike jin ciwon a madadinta daga nesa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya. Ni nake sayen magani, ni nake ɗaga ta zuwa banɗaki da asuba, ni nake yanke mata farce. Naki kason shi ne faɗa a cikin ambulan, shi ma sai direba ya ga dama.

Ƙaninki mai faranti

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya. Motar magani ta lalace ta daɗe a gareji, shi ya sa ka ji ni shiru, kada ka ɗauka bakina ne ya mutu. Allah ya kyauta gwiwar hannu, da ma a ce hankali ya shiga ta wurin ciwon.

Ba dogon zance zan yi ba. Na kira mai ɗinki a kan maganin ɗigawar idon Inna, cikin hira na tambaye ta ko yanzu tana samun komawa gidanta da wuri, tunda farantinka yana kawo ka da sauran rana. Matar nan ta yi ta kame-kame. Da na matsa ta ce ita dai tana tafiya lokacin da ta saba, ta bar Inna ita kaɗai, don ka gaya wa Inna an ƙara muku aiki, sai duhu ya yi kake tashi. Ta ce amma ta tagarta tana ganin wani mai kama da kai yana shigowa da yamma da sauran rana, ya saɓo farantinsa a kafaɗa, takalmi a hannu. Can an jima ya sake fitowa haka, ya yi hanyar bakin ruwa.

Takalmi a hannu, Auta. A gidan da kai kake biyan haya.

Na sa ta kai wa Inna wayar. Na zagaya na zagaya, ba ta kawo ƙararka ba ko da kalma ɗaya. Cewa ta yi kana fama da aiki, har ka rame, in riƙa sa ka a addu'a. Na ajiye wayar na rasa inda zan sa kaina don takaici. Makauniyar tsohuwa tana yi wa mutum addu'ar sauƙin aiki, shi kuwa yana bayan bango a kwance, yana jiran abin wasansa ya ƙoshi da wuta ya tafi shan iska da likitan haƙori.

Ka amsa mini da e ko a'a. In gaskiya ne, zan zo in ɗauke ta. Ba barazana nake yi ba, ka san ni.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, hannu ya warke har ɓawon ya faɗi. Inna ta ce a gaida yara.

Na karanta takardarki sau biyu ina neman laifin, abin da na tarar shi ne kin tambayi mai abu da bakinki ta ce ba ta da kuka. To shari'ar me kuma ake yi? Mai ɗinki dai na gane tagarta ta fi kekenta aiki. Shi ya sa rigar da na ba ta tun bara har yau hannu ɗaya gare ta.

E, gaskiya ne, tunda e ko a'a kike so. Amma ke ba ki taɓa wuni a maɗaba'a ba. Injin bugawa a dama, injin yanka a gabana, janareta a baya, tun safe har yamma. In na fito kunnena kuka yake yi kamar an sa mini gyare a ciki. Da, ina kashe babur kafin in sauke ƙafa an ce Auta ne. In shiga in zauna, a fara: yadda Baba ya sayo babur ɗin, shekarar da ruwa ya ci katangar gidanmu na da, wadda ta ari tukunya ba ta mayar ba tun kafin a haife ni. In na motsa ta riƙe mini riga ta ce saura kaɗan. Haka zan zauna har duhu, da yunwa, da kayan aiki a jikina. Kullum, Yaya, ba ranar hutu. Ke da kike zuwa ki yi kwana uku ki ji labaran suna miki daɗi, zo ki ji su shekara biyar.

Yanzu ina samun ɗan lokacin da ba wanda ke magana a kaina. Nakan kashe sikutan tun daga kwana don yana ɗan yin tsuwa in an kashe shi, na sa wa ƙyauren mai, in shigo in kwanta in ji kunnena ya dawo. In ya yi caji in fita in zaga. Da na dawo nake shiga wurinta da sallamata, in ba ta magani, mu yi hira daidai misali, ta kwanta. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba, hankalinta kwance tunda ta ɗauka ina wurin aiki. Wa aka cuta?

Batun ɗauke ta kuwa ya ba ni dariya. Ki kai ta ina, gidan ma'aikatan nan naku mai ɗaki biyu da yara huɗu? Matar da ta san kowane bango na gidan nan da tafin hannunta? Ko da ƙugiya ba za ta bi ki ba. Ki zauna ki karɓi haihuwarki, ki bar mana gidanmu.

Af, na iya juyawa da hannu ɗaya yanzu.

Auta

*

Auta,

Babu doguwar gaisuwa, lafiyar da za ka tambaya tana tare da ni. Na maƙale wannan takardar a saman soket ɗin baranda don na tabbatar nan ne wurin da ba ka fasa kai wa gaisuwa.

Na karɓi hutu na biyo motar magani, na iso kana wurin aiki. Mai ɗinki ta buɗe mini. Na zo da niyyar in fito in kama ka da takalmi a hannu, in yi maka wankin babban bargo a gaban layi. Ban gaya wa Inna komai ba, don ina tsoron ranar da za ta gane irin abin da ka mayar da ita.

Muna zaune a ɗakinta da yamma ina matsa mata ƙafa, tana ba ni labarin katangar da ruwa ya ci, sai ta tsaya a tsakiyar magana ta ɗaga yatsa. Ni ban ji komai ba. Can sai ga wani ɗan ƙas a jikin bango, daidai kan gadonta, sannan wani siririn zuuu. Ka taɓa tsayawa ka duba abin da ke bayan soket ɗin nan, injiniya? Filonta ne.

Ta ce mini a hankali, "Ya dawo. Ya ba dokinsa abinci."

Na zauna kamar an dasa ni. Ta ci gaba da faɗa mini kai tsaye kamar tana kallonka: yanzu ya ajiye hular, yanzu ya zo daidai ƙofata, zai ɗan tsaya. Ka tsaya kuwa, na ga inuwar ƙafarka ta ƙarƙashin ƙyaure, da safa. Hannunta ya tafi wurin filon nan da take matsar maka, ya tsaya a kai. Inuwar ta wuce. Ta janye hannunta ta mayar cinya.

Na yunƙura zan tashi ta damƙe mini wuyan hannu, ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta ce in bar ka, ka gaji. Na tambaye ta tun yaushe ta sani, ta ce tun ranar farko. Ka kashe abu daga kwana, ka sa wa ƙyaure mai, ka kwance ƙararrawa, duk dabararka ta ƙare a kan matar da kunne kaɗai ya rage mata. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ƙaryar ƙarin aikin ma da ka yi mata, ita take tallata maka ita wurin mutane don kada a zage ka.

Mun ji fitarka. Sai na ce mata ta zo mu tafi, ina jiran ta ƙi kamar yadda ka yi alkawari. Ba ta ƙi ba. Cewa ta yi, "Mu je. Yaron nan ya riƙa shiga gidansa da takalminsa a ƙafa."

Ba ƙugiya, Auta. Da ƙafarta ta taka har mota, tana shafa bangon baranda, ta shafo igiyar cajinka ta kauce mata don kada ta ɓata maka.

Na ɗauki magungunanta da rediyonta da kayan sawa. Abincinka yana rufe a kicin, ita ta sa na ɗumama maka. Ga gida nan ba mai magana a kanka, sai ka ji kunnenka ya dawo da kyau.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya kuka isa? Yaya ƙafarta da zaman mota? Ba ta son a ɗora mata bargo mai nauyi, kuma maganin ɗigawar na ido biyu ne, ba ɗaya ba, kwalin ne ya goge.

Abin da kika yi sata ce, ko a gaban wa zan faɗa. An shigo gidan mutum ba ya nan an ɗauke masa uwa. Na kira ki ya fi a ƙirga, kin ƙi ɗauka, yanzu ke ce ba ki da sabis.

Ranar da na dawo ban ga takardar ba da farko. Na shigo da takalmina a ƙafa kamar yadda na saba in na dawo da dare, na taka da ƙarfi, na yi sallama a ƙofarta da muryar wanda ya gaji da aiki. Sai da na yi sau uku. Sannan na zo sa caji na gan ta.

Na je wurin wanda ya sayi babur ɗin Baba in ce ya mayar mini ko nawa ne. Ya riga ya farke shi ya sayar da kayan, ƙarfen gangar jikinsa kawai na tarar a jingine. Na dawo na zazzage durowa na nemo ƙararrawar na ɗaura. Yanzu tun daga kwana nake kaɗa ta har ƙofa, yaran layi suna bina suna dariya, mai ɗinki ta saki labulenta. Ban koma bakin ruwa ba. Ina shigowa da wuri in zauna, gidan ya yi shirun da ban taɓa nema ba.

Ga kofinta nan mai ɗan lanƙwasasshen baki na ba direba, ba ta shan ruwa da wani. Ki ce mata soket ɗin ɗakina na gyara. Ki tambaye ta wadda ta ari tukunyar nan, wace ce ma? Na manta, kuma ba wanda zan tambaya.

Ki dawo mini da ita, Yaya.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Mun isa lafiya, ƙafar ta kumbura kwana biyu ta saɓe. Kofi ya iso. Yaran sun koma falo sun bar mata ɗaki, suna rububin wanda zai kai ta banɗaki. Tana ci, tana barci, ta fara gane bangon.

Na karanta mata takardarka, ban da wurin satar. Da na zo kan ƙararrawa ta yi dariya har da tari, ta ce a gaya maka ka cire, kada ka zama abin wasan yara a layi. Ka ji, har yanzu mutuncinka take tattali, kai da ka hau faranti da kanka. Tukunya kuwa ta ce in ka zo za ta gaya maka, labarin ba ya faɗuwa a takarda.

Ba zan dawo da ita ba, ka cire wannan a ranka. Amma akwai abin da zan faɗa maka, kuma ba da daɗin rai nake rubuta shi ba. Ni nake yi mata wanka, ni nake dafa mata abin da take so, ina dawowa daga aiki ɗakinta nake fara shiga da sallamata tun ban cire takalmi ba. Takan amsa, ta sa mini albarka. Jiya da yamma na sa butar shayi a soket ɗin falo, ya yi ɗan ƙas ɗin nan. Ina juyowa na hango ta ta ƙofa ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta matsar da filo. Ta daɗe a haka tana saurare. Sannan ta tuna inda take.

Kullum haka take yi, ko guga aka sa. Ni ba ta taɓa matsar mini da filon nan ba, ni da na zo da ƙafata na ɗauke ta. Na hana yaran taɓa soket da yamma, shayin ma a kan gas nake dafawa yanzu, abin bai hana ta saurare ba.

Direba zai taso ranar hutunku, na ce ya bar maka kujerar gaba. Ka bar farantin a gida, nan ba mai sha'awar ganin ana juyawa da hannu ɗaya. Kada ka ɗauka na daina raina ka, ban daina ba, kuma ban ga ranar dainawa ba. Ka zo dai. In ka iso ka shigo da takalminka, ka yi sallama da ƙarfi tun daga waje, kuma in ta riƙe maka riga ta ce saura kaɗan, ka zauna.

Yayarka